Yankan da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Safar Hannu

Lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara talatin da ɗaya, da aurena, da 'yata ɗaya mai wata biyar tana shan nono. A gida Najeriya na yi karatun gwajin jini, na yi aikin asibiti shekara huɗu a Zariya, sannan Allah ya buɗe mini hanya na samu gurbi a wani ɗakin binciken lafiya da ke gefen birnin Washington. Muna zaune a Landover, a ɗan gida mai ɗaki biyu a hawa na uku. Bizar da muke zaune da ita ta aikina ce, maigidana ma a kanta ya shigo ƙasar, don haka na san duk ranar da aka sallame ni, mu duka za mu tattara mu koma. Wannan tunani ba ya barina ko ina cin abinci. Na rubuto muku ne, Edita, domin na daɗe ina riƙe da labarin a cikina, kuma na san akwai irina da yawa.

Aikina shi ne karɓar jinin mutanen da suka ba da kansu don bincike a kan cutar ƙanjamau. Ina sa kwalaben a wani inji da ke juya su da gudu har jinin ya rabu da ruwansa, in zuba a ƙananan mazubai, in rubuta lamba, in kai firiza. Tun ranar farko aka koya mana cewa duk wanda ya yanke ko allura ta soke shi, ya wanke wurin, ya faɗa nan take, a kai shi wurin likitan ma'aikata, domin akwai maganin kariya da ba ya amfani sai an fara shi cikin kwana uku. Na san wannan sarai, har hannu na sa a takardar. Sai dai a watan nan shugabar sashenmu, wata Ba'amurkiya mai tsare gida, ta yi mini magana sau biyu a kan makara, ni kuwa na riga na sa a raina cewa laifi na uku shi ne na ƙarshe.

Wata Alhamis, biyar saura kwata, na buɗe injin na tarar kwalba ɗaya ta fashe a ciki. Ƙa'ida ita ce in rufe, in kira wani, a kwashe gilashin da ƙarfen ɗauka. Amma matar da ke riƙe mana yarinya ƙarfe shida take rufe gidanta, ga cunkoson hanya da ke jirana. Na sa hannu da safa na fara tsince gilashin. Sai na ji tsit a babban yatsana. Da na cire safar na ga siririn yanka, jinina ya tsattsafo, ga jinin kwalbar a jikin safar. Na wanke da sabulu, na liƙa filasta, na sa sabuwar safa a kai, na goge injin. A rahoton ranar na rubuta cewa kwalba ta fashe, ban rubuta na yanke ba. Abokiyar aikina ta leƙo ta tambaya ko lafiya, na ce mata lafiya lau.

Sai da na ɗauko yarinyar muka iso gida, ta fara laluben rigata, sannan na gane girman abin da na yi. Na san cutar tana bi ta nono. Na kasa ba ta. Na tura maigidana kanti ya sayo madarar gwangwani, na ce masa nonon ne ya ɗauke saboda gajiya. Yarinyar ta ƙi bulumboti, ta yi ta kuka har muryarta ta dusashe, ni kuwa ina shiga banɗaki ina tatsewa ina zubarwa a ramin wanke hannu, na kunna famfo don kada a ji kukana. Ran Juma'a na je har ƙofar ofishin likitan ma'aikata, na tsaya ina karanta sunan da ke jikin ƙofar, wani ya zo wucewa ya gaishe ni, sai na juya kamar ɓatan hanya na yi. Asabar ta wuce. Ran Lahadi da la'asar ina kan sallaya na duba agogo, na san kwana ukun sun cika, na kifa kaina a ƙasa na kasa ko addu'a.

Daga nan gidan ya zama mini wani iri. Na raba abin yanke farcena da na maigidana, na daina bari ya matso kusa da ni, kullum da dalilin da nake kawowa. Mahaifiyata ta kira daga Zariya tana faɗa, wai wace irin uwa ce ke yaye 'yar wata biyar, ta lissafa mini kunun da zan sha nono ya dawo, ina amsa mata da to. A wurin aiki kuwa ko ƙofa aka buɗe sai in ce an gano. A mako na uku zazzaɓi ya rufe ni, da ciwon jiki. Na san alamomin farko na cutar kamar yadda na san sunana. Na zauna a mota a wurin ajiye motoci na kusan awa ɗaya, ina kallon kujerar yarinyar a baya ina tunanin wanda zai riƙe ta.

Wadda ta cece ni maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwar nas mutuniyar Jos, Kirista ce, Anti muke ce mata. Ran Asabar da hantsi ta hawo da kwanon gwate don ta ji ba ni da lafiya, maigidana ya fita. Ta zauna ta dube ni, ta dubi gaban rigata da ya jiƙe, ta ce ita dai shekara talatin tana aikin jinya ba ta taɓa ganin nonon da ya ɗauke yana zuba ba. Ban san lokacin da na faɗa mata komai ba. Ba ta yi mini tsawa ba, ta dai kama yatsan ta duba, sannan ta ce, "'Yata, aiki ana samun wani. Kwana ukun nan da kika bari suka wuce, babu mai dawo miki da su. Kada ki ƙara ko yini ɗaya a kai." Ta ce in faɗa wa mijina a ranar, Litinin kuma ita za ta kai ni da motarta.

Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya ce makonni uku yana binciken kansa yana neman laifin da ya yi mini, har ya fara tunanin zaman ne ya ishe ni. Ya ce, "Da kin faɗa, ko korarmu suka yi, ai tare za mu koma, da lafiyarki."

Ran Litinin likitan ya tabbatar mini lokacin maganin kariya ya wuce, abin da ya rage sai gwaji, yanzu, da bayan makonni, da bayan watanni. Zazzaɓin kuwa ya ce daga nonon da ya taru ya kumbura ne. Suka duba bayanin mai jinin, suka ce yana kan magani, cutar ta yi ƙasa ƙwarai a jikinsa, amma ba wanda zai yi mini alkawari. Shugabar tamu ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce da na faɗa a ranar, fom ɗaya zan cike a ba ni magani, domin ita kanta ta taɓa yankewa. Ɓoyewar ita ce laifin. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka cire ni daga aikin jini na tsawon watanni, aka mai da ni koyon ƙa'idojin da na riga na sani.

Watannin jiran nan ba na fatan su ga kowa. Duk ranar karɓar sakamako Anti ce ke zama kusa da ni, in kasa buɗe takardar sai ta karɓa. Na ƙarshe ya fito babu komai, alhamdulillahi. Amma kafin nan nonon ya ƙafe da gaske, 'yata ba ta ƙara sha ba. Maigidana ya yafe mini, sai dai har yau in na ce masa ba komai, sai ya sake tambaya.

Na fahimci cewa zaman ƙasar wani yana sa mutum ya riƙa ganin takardar zama ta fi jikinsa daraja, har ya yi wa kansa hukuncin da ba wanda ya yi masa. Ban taɓa tambayar kowa ko yankewa tana jawo kora ba, tsoro ne ya ba ni amsa na yarda. Don haka 'yan'uwana masu aikin asibiti da ɗakunan gwaji, a waje ko a gida, in allura ta soke ku ko gilashi ya yanke ku, ku faɗa kafin ku cire rigar aiki, kuma kada ku ɓoye wa wanda kuke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ni Allah ne ya tsare ni, ba dabarata ba, kuma kada wani ya karanta labarina ya zaci shi ma haka zai tsira.