Direban Motar Gona da Surukinsa

A gonar, Hana-Hawa ake kiransa, kuma ba don ƙauna ba. Shi ke tuƙa 'yar motar nan mai manyan tayoyi da ke ratsa laka da duwatsu, ba ƙofa ba gilashi, sai kujera biyu, ƙarafan kariya a sama, da akwatin kaya a baya. Da wanke mata tayoyi ya fara tun yana saurayi, har furfura ta same shi a kanta bai taɓa kayar da ita ba.

Gaskiya mutum ne mai ban haushi a wurin aiki. In za a kai motar wata gona, sai ya lallaɓa ya hau da ita bayan babbar mota, ya ja birkin hannu, ya ɗaure kowace taya, in an ɗan taɓa tafiya kuma ya ce a tsaya ya ƙara jan igiyoyin. Leburori kuwa, ko ƙafafunsu za su tsinke, ba mai hawa akwatin baya.

"Wurin buhu ne," yake ce musu. "Kai buhu ne?"

"To, sai ka tafi da ita kabari!"

Surukinsa ne mai gadin rumbunan gonar. Shi ya samo masa aikin, daga baya ya ba shi 'yarsa. Hana-Hawa bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko gaisuwa kai a sunkuye yake yi.

Wata safiya bayan ruwan sama tsohon ya tare shi, gwiwa na damunsa, yana so a sauke shi a rumbun ƙetaren rafi. Ya hau kujerar gefe. Hana-Hawa ya miƙa masa bel ɗin kujera da hannu bibbiyu.

"Baba, ga wannan."

"Akuya ka mai da ni? Ja mu je, nan da nan ne fa."

Da lebura ne, da tuni ya zare makulli. Amma ta yaya zai ratsa hannu ta ƙirjin uban matarsa ya ɗaure shi? Ya haɗiye maganar ya tayar da mota.

Ba gudu yake ba. A gangaren rafi ƙasa ta zabtare ƙarƙashin tayar gefen tsohon, motar ta karkata. Bel ya riƙe Hana-Hawa. Tsohon kuwa ya zame, ya fitar da ƙafa zai tokare ƙasa, ƙarfen kariyar motar ya sauka a kanta. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa.

Ba a kore shi ba, shi ya ajiye makulli. Ya kwashe kayansa daga ɗakin da ke kusa da ƙofar gidansa ya shimfiɗa wa tsohon katifa. Matar Hana-Hawa takan ajiye wa mijin nata abinci ta juya, ko kallonsa ba ta yi. Duk mai dubiyar da ya shigo, tsohon cewa yake ƙaddara ce, yaron nan ba shi da laifi, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Wata rana Hana-Hawa yana sake masa bandeji, ba kowa a ɗakin, tsohon ya ce, "Me ya sa ka biye mini?"

"Kunya, Baba."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Ni gadi na sani, kai ka san mota. Da ka daka mini tsawa, ɗana, da na yi fushina na gama, na zo ɗakin nan da ƙafata na zage ka."