Juma'ar da Na Shafe Muryar Inna

Na tsufa, na manta abubuwa da yawa, amma Juma'ar da na shafe muryar mahaifiyata da hannuna ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina saurayi, ina dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ɗakina kuma a unguwar Balad. Inna tana Sudan, ƙanwata tana aure a unguwar Sa'alaba, nan cikin Jidda. A tashar na saba da wani dattijon kuku, baƙar fatar Amurka, wanda jirginsu kan zo jefi-jefi. Shi ya jefa ni cikin son waƙoƙin wasu mutum biyar 'yan garinsu. Bakinsu ne kayan kiɗansu: ɗaya ya yi ƙasa da murya kamar ana luguden turmi, ɗaya ya yi sama siririya, ukun su cike tsakiya. Ko rabin abin da suke faɗa ba na ji, amma in ka ga yadda nake kaɗa kai sai ka rantse 'yan'uwana ne.

Da guntun Turancina na tasha na tsinci tarihinsu a bakinsa. A bakin titi suka fara suna samari, suka yi faya-fayai 'yan kaɗan, sai aka ɗauki ɗaya soja, ɗaya ya rasu, sauran suka watse, kamfanin ma ya rufe. Abin da ya rage nasu ke nan a jakarsa.

Wata Juma'a da hantsi ya miƙo mini jakar, ya ce zuwansa na ƙarshe ke nan, in kwafe in mayar masa kafin la'asar. Maƙwabcina yana da garmaho da rikoda, amma babu sabon kaset, shaguna kuma duk a rufe. Kaset ɗaya ne a ɗakina, na Inna. A zamanin haka iyaye ke aiko wasiƙa: su yi magana a kaset, a ba wa alhaji ya kawo. Gefe ɗaya kawai na saurara, gaisuwar unguwa ce gida-gida, da labarin akuyarta, da tambayar yaushe zan yi aure, na kashe na ce sai na huta. Ƙanwata kuwa ko kalma ba ta ji ba, tana jiran mijinta ya kawo ta.

Maƙwabcin ya juya kaset ɗin a hannunsa ya ce, "Ya akhi, wannan ai na hajiyarku ne. Ka ji shi duka?"

Na ce, "Gaisuwa ce kawai. Baɗi ma za ta aiko wani. Yalla, danna."

Rikodar ta ƙi, domin wanda ya ɗaukar mata ya karya 'yan haƙoran saman kaset ɗin don kada a shafe. Ni na yagi takarda na cusa a ramukan. Shi ya sa ba na iya cewa kuskure ne. Na san abin da nake yi, na cika gefe biyun ina murna.

Na yi ta zille wa ƙanwata, yau in ce an ara, gobe in ce ba na gida. Ba a yi wata guda ba telgiram ya zo, Inna ta rasu.

Bayan sadakar uku ƙanwata ta zo ɗakina, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Yaya, halas, ya isa haka, na haƙura. Sa mini ita in ji kawai."

Sai na sa. Muryoyin nan biyar suka cika ɗakin. Ta dube ni, ta gane. Ta zauna ta saurare su duka, ta juya kaset ɗin da kanta, tana fata. Da waƙar ƙarshe ta ƙare sai ga muryar Inna, a gajiye: "...to, abin da nake roƙonku ke nan, ku biyun. Kada ku manta." Rikodar ta tsaya.

"Me ta roƙa, Yaya?"

"Ban sani ba."

Na rubuta wa wanda ya ɗaukar mata, ya amsa cewa da ta zo wurin nan fitar da shi ta yi daga ɗakin. Na tambayi dangi kaf, babu wanda ta gaya wa. Na yi mata hajji, na yi sadaka, na yi aure, duk laluben duhu nake, ban san ko na dace ba. Ƙanwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa goranta mini ba, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mawaƙan ba su yi mini laifi ba, amma ban sake iya sauraronsu ba. Abin da na koya, da tsada, shi ne in naka yana magana ka bari ya kai aya, ko da ta akuya yake yi. Ni na dogara da baɗi, ga shi har yau uwata tana roƙona abu, ban san mene ne ba.