Shabkar Kawu

Hasken hantsi ne ya fara nuna mini shi. Ranar da muka tare a gidan haya a unguwar Faisal, can Masar, ina 'yar shekara sha ɗaya, na ɗaga kai na ga fitilar falo mai jeren gilasai, wadda Misirawa ke kira najafa. Can ƙasanta wani ƙaton dutse ruwan hoda yana lilo, yana watsa bakan gizo a bango.

Kawu, ƙanin Umma, ɗalibi ne mai kunya, amma in ya sha shayi bakinsa kan buɗe. Shi ya ba mu tarihin wani lu'ulu'u da ake kira Tekun Haske: a Indiya aka haƙo shi, wani sarkin Farisa ya kwaso shi a ganima, sarakuna suka yi ta ɗaura shi a damtse, yau yana kulle a taskar Iran. Ni da na haddace littattafan soyayyar Umma, nan take na tabbata namu ƙaninsa ne.

Kawu na son ɗiyar matar da ta ba mu hayar gidan da kayan cikinsa, amma in suka haɗu a matakala sai ya gaishe da bango. Ga shi wani mai kantin magani ya fara sintiri wajenta da kwalin basbusa, wani kayan zaƙinsu. Na ji Umma na cewa a Masar ba a neman aure sai da shabka, wato kyautar zinariya, Kawu kuwa littattafai kaɗai ya mallaka.

Na hau tebur na ciro dutsen, na naɗe a hankicin Kawu, na fesa turare, na kai wa budurwar.

"In ji Kawu. Sarakuna sun yi yaƙi a kansa."

Da la'asar sai ga uwarta ta hauro tana haki, dutsen a tafin hannunta.

"Ya ustaz, da najafata za ka auri 'yata?"

Kawu ya dubi fitila, ya dube ni, gumi ya karyo masa.

"Ma'alish, a yi haƙuri, Hajiya. Dutsen ban san zancensa ba. Amma auren... ina so."

Ta yi dariya har da hawaye. "Ashe kana magana! Khalas, shi ke nan, turo manyanka."

Yanzu fitilu duk sun koma farin ƙwai mara kwalliya, babu abin da yarinya za ta kalla ta yi mafarki. Kawu yana koyarwa a Zariya, ya yi furfura, matarsa, ɗiyar mai najafar nan, na ciniki a kasuwa da Hausa. Dutsen na rataye a madubin motarsa. Duk wanda ya tambaya, sai ya gyara murya ya ce, "A Indiya aka haƙo shi."