Fashin Salla a Jajibirin Tiyata

Jinin ya zo mini a mota, mun ɗan wuce Kwanar Dangora a hanyarmu ta shiga birni. Na ji marata ta murɗa, irin murɗawar da na kusa mantawa da ita, domin tun da ƙiba ta yi mini yawa al'adata ta zama sai ta ga dama, wani lokaci daga damina sai wata damina. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Ba ta tashi zuwa ba sai ranar da za a kwantar da ni, washegari a yi mini tiyatar rage tumbi.

Maigidana ne ke tuƙi, ni ina gaba, ƙanwata kuma tana baya. Inna ce ta haɗo ni da ita daga Tudun Wada don ta yi jinyata. Tun ina 'yan mata nake karanta littattafan soyayya na haya, kuma duk jarumar da aka siffanta a ciki, fuskar ƙanwata nake gani: doguwa, siririya, mai dara-daran idanu, in tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Ban taɓa karanta jarumar da gwiwa ke mata ciwo ba, ko wadda sai ta dafa bango za ta miƙe daga sujada.

Akwai wasa tsakaninta da maigidana, irin na ƙanwar mata da mijin yaya.

"Amarya, a saya miki rake?" in ji shi.

"Rake? Yaya, ji marowacin mijinki. Ga masu kifi can a bakin hanyar Bagauda, shi yana zancen rake."

Ya tsaya ya sayo soyayyen kifi, suka ci suna dariya. Ni likita ya hana ni komai sai romo da abu mai ruwa-ruwa, sai na juya fuska ina kallon gonakin shinkafa, marata tana ciwo, ƙamshin yaji yana shiga hancina.

Kullum yana kiranta Amarya, ban taɓa damuwa ba sai ranar. A danginmu an taɓa yi. Wata gwaggonmu ta rasu wajen haihuwa, bayan an share makoki manya suka zauna suka ba mijin ƙanwarta, wai kada zumunci ya yanke. Ni kuwa gobe za a yi mini allurar barci, ba wanda ya san ko zan farka.

Bayan mun isa an ba ni gado, da la'asar aka kece da ruwa, maigidana ya kasa fita masallacin asibiti.

"Ku tashi mu yi jam'i a nan," ya ce.

Na ce ina fashin salla. Ya kalle ni da mamaki, ya ce, "Ikon Allah," ya shimfiɗa abin salla. Hijabin ƙanwata ya jiƙe wajen shigo da kaya, sai ta zaro nawa daga jaka, mai ruwan zuma, wanda shi ya sayo mini. Ta tsaya a bayansa, hijabin yana jan ƙasa don ya yi mata yawa. Shekara da shekaru ina kishin matan gidanmu in sun ce suna fashi, ina jin kamar ni ba a cikinsu nake ba. Ga shi na samu, a ranar da na fi bukatar in sa goshina a ƙasa. Ina zaune a bakin gado ina kallonsu suna ruku'u tare, na rubuta littafin duka a raina: zaman makoki, shawarar manya, ita a ɗakina tana turara labulena, shi yana cewa ai kamar marigayiya ce ta dawo.

Da nas ta shigo auna ni, na jawo ta kusa na raɗa mata. Har ga Allah so nake ta ce a ɗaga aikin, in koma gida da raina da mijina.

"Hajiya, al'ada ba ta hana tiyata," ta ce. "Za mu duba jininki, in ya isa shi ke nan. Ga audugar mata, gobe za mu ba ki wandon asibiti."

"In na mutu ba tsarki fa?"

"Haba Hajiya, salla aka ɗauke miki, bakinki ai yana nan. Ki yi ta addu'a."

Da safe aka tura ni a gadon taya. Abu na ƙarshe da na gani shi ne su biyun tsaye a ƙofa, kafaɗarta daidai tasa.

Na farka da ƙishirwa da zafin ɗinki. Jinin kuma ya ƙaru, nas ta ce allurar da suke yi mini don kada jini ya daskare ce ta jawo. Ba na iya sunkuyawa. Ƙanwata ce ke rufe ƙofa, ta ɗaga ni a hankali, ta canja mini audugar, ta goge ni da ruwan ɗumi, ta kai zanin bayi ta wanke. Ko yamutsa fuska ba ta yi. Duk da haka ina kallon yadda take lanƙwasa ƙugu ba wahala, abin yana sukata.

Ran nan tana ɗaura mini zani na ce, "Da ban farka ba, da kin yarda?"

"Da me?"

"In sun ce ki maye ɗakina."

Ta saki bakin zanin, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni? Mutumin da ke sakace da tsinken tsintsiya a gaban baƙi? Yaya, littattafan nan sun gama da ke. Ke kaɗai ke ganin jarumi a jikinsa. Da kin ga kukan da ya yi a ƙofar tiyata, har da majina, ni kunya ma ta kama ni."

Na ji sanyi, na kuma ji haushi. Wato shekarun da na yi ina jiran in ga hawayensa a kaina, ita ce ta gani, ni ina barci.

"Me ya ce da yana kukan?"

"Ki tambaye shi mana."

Sai ga nas ta leƙo ta ce lokacin tattaki ya yi, dole in taka ko zuwa ƙarshen baranda ne. Maigidana ya shigo a bayanta. Shi da ƙanwata suka miƙo mini hannu a tare.

"Ke riƙe ƙarfen ƙarin ruwan," na ce mata, "ki biyo mu a baya."

Na kama damtsensa da hannu biyu, na sakar masa nauyina duka, har sai da ya yi nishi.