Man Gyaɗa a Littafin Gwamnati

Shekaru da dama baya, zamanin da kuɗin mai ya shigo gwamnati ta ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ni 'yar Birnin Kudu ce, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai mata ba, ga sabon aure, ga takardar shaida a hannu. Tafiya nake ina jin kamar ni kaɗai na yi boko a duk jihar Kano. Maigidana malamin gona ne a yankin, shi ya sa aka haɗa mu wuri guda.

Ba a jima ba mota ta kawo wa makarantarmu kwalaye cike da littattafai. Akwai na labarai da Hausa, akwai na Turanci masu hotuna, akwai kuma wasu masu kauri waɗanda ni kaina sai na yi bismilla kafin in ɗaga. Hedimastanmu, dattijo mai tsafta da tsoron hukuma, ya ba ni wani ɗan ɗaki kusa da ofishinsa, ya ce daga yau ni ce malamar laburare, bayan ajin da nake koyarwa. Murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Kafin a fara ba da aro ya tara yara a fili, ya buɗe littafi ɗaya ya nuna musu hatimin da ke ciki.

"Kun ga wannan? Kayan gwamnati ne. Duk wanda ya ɓata, ubansa ne zai je ya yi bayani."

Ina gefe ina jinjina kai, don ni ma a wajena magana ta yi daidai.

Yara suka riƙa ɗauka ranar Litinin, su dawo da shi Juma'a. Kuma abin sha'awa, littafi zai dawo fes, ko ƙura babu, wani ma har da ƙanshin turaren wuta. Da na je gida Birnin Kudu na zauna ina cika wa mahaifiyata baki, wai yarana sun fi na birni sanin darajar littafi. Ta ce to Allah ya ƙara, ta ci gaba da tankaɗe.

Ana cikin haka sufeton makarantu ya zo daga Birnin Kudu. Wani siririn mutum ne, maganarsa a hankali. Hedimasta ya shigo da shi laburare ƙirji a gaba. Sufeto ya zaro littafi ɗaya ya buɗe, sai littafin ya ce ƙas, irin ƙarar sabon da ba a taɓa buɗewa ba. Ya zaro wani, shafukan na manne da juna tun daga inda aka buga su. Ya kai hanci ya shinshina.

"Malama, ƙanshi dai ya yi. Amma yaranki ta bango suke karantawa?"

Ya ce akwai makarantu wajen Sundimina da Surko da ko littafi ɗaya ba su samu ba. Zai dawo bayan an gama kaka, in ya tarar da su yadda ya bar su, zai sa a loda su a mota a kai inda za a karanta. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Kunya ta ishe ni, ga baƙin cikin za a raba yarana da abin da ba su ma ɗanɗana ba.

Na tambayi yara a aji ko suna karantawa, duk suka ce e, ido a ƙasa. Na ce to wani ya ba ni labarin abin da ya karanta, aji ya yi tsit.

Amsar a gidan suna na same ta. An haihu a gidan wata ɗalibata, na shiga barka, aka kai ni ɗakin kakarta, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna. Muna gaisawa ta ce, "Malama, kwantar da hankalinki, amanarku na nan lafiya." Ta taka turmi ta sauko da wata kwalla daga can saman jere, ta buɗe. Ga littafina a ciki, an naɗe shi da sabon kallabi.

Ashe haka ake yi a kowane gida. Mutanen ƙauyen gidajen malamai ne da manoma, sun tashi sun ga duk abin da ke da rubutu ana naɗe shi a ajiye sama, ba a taɓawa da hannu mai datti. Ga kuma hatimin hukuma a kai. Da yaro ya shigo da littafi uwa za ta karɓe ta adana, sai safiyar Juma'a a turara a ba shi ya mayar.

Na ce, "Inna, ai don a karanta aka bayar."

"Yarinyar da hannunta kullum cikin miya? In ya yi datti fa?"

"In ya yi datti a kaina."

Ta dube ni da kyau. "Babu ayar Allah a ciki?"

"Babu, Inna. Labari ne kawai, kamar tatsuniya."

Sai na kwance kallabin na fito tsakar gida, inda mata suka cika ana jiran a sauke waina, na fara karantawa da ƙarfi. Labarin wani falke ne da ya haye kogi da jakinsa, kafin ya juyo ruwa ya kawo, ga matarsa na naƙuda a ƙetare. Hira ta mutu. Mai suyar waina ma sai da ta ƙona tanda guda. Da na kai inda ya kora jakin cikin ruwa, na rufe littafin na ce zan tafi, maigida na jira.

"Ke Malama, ba ki da tausayi? Ya haye ko bai haye ba?"

Na miƙa wa jikar Inna littafin na ce ga mai ƙarasa muku nan.

Lokacin ɓarar gyaɗa ne, mata na yini a tsakar gida hannu na aiki kunne na zaune banza. Kafin wani lokaci kowane gida an samu mai karatu. Yaron da ya yi in-ina a karatu, uwarsa ce za ta ce ya koma ya tambayi Malama, kada ya ɓata musu labari. Littattafan Hausa suka fara dawowa da tabon man gyaɗa, da ɗigon kunu, da kunnuwa a lanƙwashe. Wanda bangonsa ya rabu sai ya dawo a ɗinke da zare, irin ɗinkin ƙwarya. Ni daɗi kamar ya kashe ni. Hedimasta kuwa duk Juma'a sai ya riƙe kai yana salati.

Ana gobe sufeto zai dawo, hedimasta ya aika gida-gida aka karɓo duk littattafan da ke waje. Ban kawo komai a raina ba. Da safe ina aji aka ce in zo. Ina shiga laburare na bi jerin littattafan da kallo. Babu ko ɗaya daga cikin masu tabon, sai manyan nan masu kauri da na Turancin da ba a kai gare su ba, an jera su suna ƙyalli. Ashe hedimasta, bawan Allah, ya ɗure sauran a buhu ya ɓoye a bayan ƙofar ofishinsa, don a ganinsa babu yadda za a yi a nuna wa hukuma datti ta yi murna.

Sufeto ya zaro ɗaya ya buɗe, littafin ya ce ƙas. Ya girgiza kai, ya leƙa waje ya ce wa direbansa ya kawo kwalaye.

Ta yaya zan tona asirin dattijo sa'an mahaifina a gaban na gaba da shi? Ina tsaye ina haɗa gumi, ina neman ta inda zan ɓullo, sai muka ji sallama. Inna ce da sandarta.

Ko kallon baƙo ba ta yi ba, ta nufi hedimasta. "Malam, wane irin abu ne wannan? Ƙanwata ta taso tun daga Kangire don ta ji labarin falken nan. Jiya mun kai inda ruwa ya kai wa jaki wuya, sai ga ɗan aikenka wai a ba da littafi. Ni na san ƙarshensa, amma ta ce ba daga bakina take so ba."

Sufeto ya ce, "Inna, wane littafi ke nan?"

"Wanda na ɗinke da baƙin zare mana. Kai ne mai su? To ka gaya wa masu yi, bangonsu ba shi da ƙwari."

Sufeto ya juya ya dubi hedimasta. Shi kuwa ya fita sumsum, ya dawo yana jan buhu, yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, za mu goge su."

Aka zazzage a kan tebur, ƙanshin ƙuli-ƙuli da daddawa ya cika ɗakin. Sufeto ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya buɗe da kansa laƙwas, har ɓawon gyaɗa ya faɗo daga wani, inda aka sa alama. Mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba ya yi ta dariya har da share hawaye. Ya ce wa direba ya mayar da kwalayen mota, ya ce wa hedimasta duk wanda ya goge tabo ɗaya shi zai yi bayani. Sannan ya lalubo mai baƙin zaren ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta karɓa, ta zaro kallabi ta naɗe shi tsaf, ta ce a hanya dai ba za ta riƙe kayan gwamnati tsirara ba.

Na yi aikin laburare a makarantu da yawa bayan nan, har na yi ritaya. Abin da na koya a ƙauyen nan shi ne aikina ba gadin littafi ba ne, in bi shi ne har cikin gida in ga ko an buɗe. Har yau in jikokina suka kawo mini littafi daga makaranta, kafin in duba sunansa sai na kai shi hanci. In na ji ƙanshin sabo, sai in ce su wanke hannu ko kada su wanke, su zo su zauna mu fara.