Ɗorawar da Na Sa Aka Sare

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, ina digiri na uku kan dokokin gargajiya da haƙƙin ƙasa na 'yan asalin wuri, aka ba kowa a ajinmu rana ɗaya ya gabatar da bincikensa. Ranar da abin ya same ni ba ma tawa ba ce. Ta wata 'yar ajinmu ce, 'yar ƙabilun asali na Malesiya da ake kira Orang Asli, gajeriyar mace mai sanyin murya. Ni kuwa ina can baya ina hamma, don na cika ciki da shinkafa a shagon mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi.

Ta haska hoton wata ƙatuwar bishiyar duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya da har yau ban iya jure warinsa ba. Ta ce mutanen ƙauyensu ba su da takardar fili. In aka zo ƙwace musu daji, kaburbura suke nunawa da itatuwan da kakanninsu suka shuka. Kowace bishiya an san mai ita, an san gidan da ke tsintar 'ya'yanta duk shekara. Sai ta yi murmushi ta ce, har da "lah" ɗin nan da 'yan Malesiya ke rufe magana da shi, "Wanda ya sare bishiya, shaida ya kashe lah."

Wallahi hammar nan a maƙogwaro ta tsaya mini.

Muna da gonar gado a ƙauyenmu da ke kudancin Kaduna. A gefenta na gabas akwai ɗorawa uku a jere, tun zamanin kakana. Mama ce ke roronsu duk shekara, ta fitar da kalwa ta yi daddawa. Da na gama karatun lauya, bayan rasuwar Baba, na dawo gida kaina na hayaƙi, na ce tarakta za mu sa, itatuwan nan kuwa sun tare hanya. Mama ta ce kada in taɓa su. Na ce, "Mama, itace ba ya magana a kotu. Takarda zan yi mana." Na sa aka sare su, aka tone har kututture. Takardar kuwa na fara bin ta, sai na sami gurbin karatu, na bar ta a wani ofis na hau jirgi.

To, a watan da muke wannan gabatarwa a aji ne 'ya'yan maƙwabcinmu suka tashi da cewa gefen gabas ɗin nasu ne, har dagaci ya ce dattawa za su zaga iyaka. Da Mama ta gaya mini, cewa na yi ta kwantar da hankalinta, na tura wasiƙa mai shafi huɗu da Turanci, cike da sassan doka. Ko sau ɗaya ɗorawa ba ta faɗo mini a rai ba. Ni da nake rubuta kundi kan yadda gwamnatoci ke raina shaidar gargajiya!

Ban jira a tashi daga ajin ba, na miƙe na nufi ƙofa. 'Yar ajin nan ta bi ni da ido, ta ce, "You okay ah?" Na ɗaga mata hannu kawai. Ko tashar jirgin ƙasan da ke kai ni unguwarmu Cheras ban isa ba na kira gida. A can hantsi ne.

"Mama, ki roƙi dagaci a ɗaga ranar zagayen nan."

"Ai jiya aka yi, Lauya."

Ta ce dagaci yana isa ya tambaya ina ɗorawar. Dattawan da suka san ta suka yi ta juyi a cikin kunyoyin gonar, fili ya zama ɗaya, ba alama. Ta ce musu tun tana amarya take roro a wurin nan. Suka ce ta nuna. Ta je ta tsaya inda ƙafarta ta saba kai ta. Babban ɗan maƙwabci ya ce a'a, can baya ne, ya taka ya nuna nasa wurin. Ba wanda ya iya ƙaryata shi, nan aka kafa dutse.

Na tsaya a bakin titi, babura na wucewa. Da ƙyar na ce, "Wasiƙata fa?"

"An karanta. Dagaci ya ce Turancin ya yi kyau."

Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Bayan wata biyu matar wani ɗan cocinmu ta dawo daga gida, ta kira ni in same ta a unguwar Chow Kit, wai Mama ta ba da saƙo. Ƙullin daddawa ne, an naɗe shi leda kan leda saboda wari. Ta ce, "Mama ta ce in gaya maka ka yi haƙuri da ɗanɗanon. Kalwar kasuwa ce."