Murfi Uku da Rabi

Sati biyu ke nan, amma har yau in na ɗauki biro sai na tuna da karsanar nan.

Karsanar ta Inna ce, mahaifiyata. Ita kaɗai ta rage mata cikin shanun da aka ba ta daga gidansu, ga ta da cikin fari. Da ta fara ramewa, mahaifina, da muke ce wa Baffa, ya sayo maganin tsutsar ciki a kasuwar Babura. Rubutun kwalbar na Faransanci ne, don haka mai maganin ya rubuta masa a bayan kwali: kowane murfi ɗaya na magani a sa masa ruwa murfi 2½, gaba ɗaya su tashi murfi bakwai. Baffa ajami yake karantawa. Ya miƙo mini kwalin, ya ce tunda na gama sakandare in faɗa masa murfi nawa zai zuba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kira maganin x, na rubuta x + 2½x = 7. A aji an sha nanata mana cewa in abu biyu suka jeru babu alama a tsakaninsu, ninkawa ake yi. Sai na ce biyu sau rabi ɗaya ne, ke nan 2x = 7. Na ce masa magani uku da rabi, ruwa uku da rabi. Bai tambaye ni komai ba. Ya kama hancin karsanar, ya ɗura mata.

Bayan azahar Inna tana awon geron niƙa, ta ce mudu biyu da rabi za a kai. Ina kallo ta cika mudu, ta juye, ta sake cikawa, sannan ta ƙara rabi. Ƙarawa ta yi. Ba ninkawa ba. Na koma ɗaki na sake lissafin: 3½x = 7, na ninka kowane gefe sau biyu, 7x = 14. Murfi biyu ne. Na sa an ba karsanar kusan ninkinsa.

Da na leƙa garke, karsanar tana tsaye tana dalalar da yawu, cinyoyinta suna karkarwa. Baffa yana tsugunne yana cewa maganin jabu aka sayar masa. Da na yi shiru, a haka maganar za ta tsaya. Na durƙusa.

"Baffa, ba maganin ba ne. Ni ce na yi kuskure."

"Nawa ya kamata?"

"Biyu."

Ya tashi ya tari ɗan acaɓa zuwa Roni. Malamin dabbobin da ya ɗauko bai ko zauna ba ya tambayi abin da ta sha, na faɗa masa daidai. Ya yi mata allura, ya ce a yi ta ba ta ruwa, sauran sai addu'a.

Kwana biyu tana kwance. Ni nake ɗebo ruwan, ba wanda ya sa ni. A na uku ta miƙe ta ci harawa, amma da yamma ta zubar da cikin.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da na je ba ta haƙuri, cewa kawai ta yi in tashi in ci abinci, uwar dai tana nan.